Idan Kifin Tuna Ya Ƙi Cin Ƙugiya

Yau teku za mu shiga, can nesa inda in ka waiga ba ka hango tudu. Maganar kifin tuna za mu yi. Eh, sunansa ke nan, tuna, kamar dai a ce maka ka tuna alƙawari. Yawancinmu a gwangwani muka san shi, wanda ake zubawa a salak ko a cusa a burodi. Na gwangwanin galibi ƙaramin nau'i ne, kuma manyan jiragen kasuwanci ne ke kamo shi da raga, irin waɗanda ke sauke kaya a tashar Tema ta ƙasar Gana. Wanda za mu yi magana a kai yau daban ne. Mutane ne ke biyan kuɗinsu, su bar gida, su kwana a kan ruwa, don su kamo tuna da sandar fatsa da zare, saboda sha'awa kawai.

Na san da yawanku kun ga irin bidiyoyin a TikTok ko YouTube. Sanda ta lanƙwashe, zare na gudu yana ƙara, mutane na ihu, sai ga ƙaton kifi kwance a jirgi yana sheƙi. Daƙiƙa 40, an gama. Abin da ba a nuna muku shi ne sa'o'i goma ko fiye da suka wuce kafin wannan lokacin, babu abin da ya taɓa ƙugiyar kowa. Akwai kuma ranakun da ba a ɗora komai, don ba a kama komai ba. To waɗannan sa'o'in su ne shirinmu na yau. Me mutum yake yi idan ya biya ɗaruruwan daloli, ya yi tafiyar dare guda cikin teku, kifi kuma ya ce ba shi ba cin ƙugiya?

Bari mu tsaya a wuri guda don maganar ta zauna. San Diyego, birni ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da iyakar Meziko, a bakin Tekun Fasifik. A da can garin masana'antun tuna na gwangwani ne, inda iyalan Fotugal da Italiya da Japan suka yi suna da su. Masana'antun sun rufe a farkon shekarun 1980, amma jiragen 'yan sha'awa suna nan birjik. Wasan kansa ma a wannan yankin ya yi tushe. A shekarar 1898, wani mutum mai suna Charles Frederick Holder ya kama tuna mai nauyin fam 183, wato kimanin kilo 83, da sanda da zare a kusa da tsibirin Katalina. A wannan shekarar ya kafa ƙungiyar masu kamun tuna a garin Avalon da ke tsibirin, kuma har gobe tana nan.

Yadda tafiyar take shi ne, ka sayi gurbi a jirgi kamar yadda za ka sayi kujera a mota. Jirgi ɗaya na iya ɗaukar mutum ashirin ko talatin. Akwai na yini guda, akwai na kwana ɗaya da rabi, akwai na kwanaki da yawa. Sau da yawa da yamma ko da dare ake tashi. Kafin a fita daga mashigin, jirgi zai tsaya a wasu kejina da ke kan ruwa a ɗebi kifin sadin masu rai, a zuba su a tankin da ruwan teku ke zagayawa a ciki. Su ne ƙoto, wato abin da za a maƙala wa ƙugiya. Kowa a ba shi lamba da ɗan gadon kwana a ƙasan jirgi. Idan ruwan Meziko za a shiga, sai da takardar izinin su ta Meziko. Kyaftin ya tuƙa dare guda, gari na wayewa kuna tsakiyar ruwa.

Yanzu shi kifin fa? Nau'i biyu aka fi nema a can. Akwai yalofin mai rawayan fiffike, wanda ya fi son ruwa mai ɗumi, sannan akwai bulufin, babban yaya. Wannan halitta abin mamaki ce, jama'a. Yawancin kifaye zafin jikinsu daidai yake da na ruwan da suke ciki. Shi tuna yana da wani tsarin jijiyoyin jini da ke riƙe zafin da tsokarsa ke samarwa, shi ya sa bulufin ke iya nutsawa cikin ruwa mai sanyi ya ci gaba da farauta da ƙarfinsa. Ba ya tsayawa kuma, don sai yana tafiya ruwa ke ratsa bakinsa ya samu iska. Ga kaifin ido. Girma kuwa, na Tekun Atlantika da wani mai suna Ken Fraser ya kama a gaɓar Nova Scotia ta Kanada a 1979 ya kai fam 1,496, sama da kilo 678. Ku kwatanta da babban sa na layya, kifin ya fi shi nauyi.

Bulufin ɗin da ake kamawa a Kalifoniya ba ma a can ake haihuwarsa ba. A ruwan da ke kusa da Japan yake ƙyanƙyashewa, sai wasu daga cikin ƙananan su ratso Fasifik, tafiyar fiye da kilomita 8,000, su yi shekaru suna kiwo a gaɓar Kalifoniya da Meziko, sannan su koma can su hayayyafa. Tsadarsa a Japan ta sa aka yi masa kamun wuce gona da iri. A gwanjon sabuwar shekara na kasuwar Toyosu ta Tokiyo a 2019, an sayi guda ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6. Wajen shekarar 2010, masana sun ƙiyasta cewa manyan kifayen da ke hayayyafa sun ragu zuwa kusan kashi 2 cikin 100 na adadin da za a samu in da ba a kamun su. Aka tsaurara doka. A Kalifoniya, tun 2015 ɗan sha'awa ba ya ɗaukar fiye da bulufin biyu a rana, daga goma da aka yarda a da, kuma ba a yarda ya sayar ba. Binciken 2024 ya nuna adadin ya haura kashi 20 cikin 100. Wato kifin ya farfaɗo, amma farfaɗowarsa ba ta nufin zai ci ƙugiyarka.

Ga wata dabara kafin ma ka biya kuɗi. Tashoshin jiragen suna wallafa lissafin kamu kullum: jirgi kaza, mutum kaza, kifi kaza. Sabon shiga adadin kifin kawai yake kallo. Kai raba shi da yawan mutanen. A ce jirgi ya fita da mutum 25, ya dawo da bulufin 10. A ido, rana ta yi kyau. To amma aƙalla mutum 15 sun koma gida hannu rabbana, kuma in akwai gwanaye biyu ko uku da suka kama bibbiyu, waɗanda suka rasa sun fi haka. Wanda ya fahimci wannan lissafin tun a tudu, ya rage wa kansa rabin ɓacin ran da zai same shi a ruwa, domin ya san rashin kamu wani ɓangare ne na abin da ya saya.

To me ke sa cin ya yi sanyi? Dalilan sun bambanta, kuma maganin kowanne daban. Na farko, kifin ba ya wurin. Jiya yana nan, yau ya yi gaba, don kifi ne da ba ya zama. Na biyu, yana nan amma ya yi ƙasa. Na'urar da ke gano kifi da amsa-kuwwar sauti za ta nuna shi a zurfin mita sittin ko tamanin, ku kuma ƙotonku na yawo a sama. Na uku, ya ƙoshi, ko kuma ya samu abincin da ya fi so. Wani lokaci za ka ga garken tuna na tafasa ruwa har da kumfa, suna cin wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye, ka jefa musu lafiyayyen sadin su wuce shi kamar ba su gani ba. Na huɗu kuwa, ya gan ka. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma a kan bulufin wannan magana ba karin magana ba ce kawai. Cikin ruwa garau da rana tsaka, yana ganin zare mai kauri, yana gane sadin ɗin da ke iyo a karkace.

Na farkon nan aikin kyaftin ne, kuma abin koyi ne ka tsaya ka kalli yadda yake yi. Teku a idonmu shimfiɗa ɗaya ce, shi kuwa karanta ta yake. Yana duba taswirar zafin ruwa da tauraron ɗan'adam ke aikowa, yana neman inda ruwa mai ɗumi ya haɗu da mai sanyi, domin a irin wannan iyakar ƙananan halittu ke taruwa, ƙananan kifaye su bi su, manya su biyo baya. Yana duba launin ruwa, shuɗi ne tas ko ya yi kore. Ɗaya daga cikin yaran jirgi zai hau sama da madubin hangen nesa ya yi sa'o'i yana neman tsuntsaye, don tsuntsun da ke faɗawa ruwa ya ga abinci ne. Ana neman curin ciyawar teku da ta tsinke tana yawo, saboda kifaye na fakewa a ƙarƙashinta. A gabashin Fasifik kuma yalofin ya saba tafiya tare da garken dolfin, shi ya sa in an hango su ake shiga gabansu. Kyaftin-kyaftin suna kiran juna ta rediyo, kowa da abokan da yake gaya wa gaskiya. Duk wannan lokacin da kake ganin kamar ana ƙona mai a banza, aiki ake yi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sauran ukun, nan ne naka aikin yake. Mu fara da ƙoto, don a nan aka fi bambanta gwani da ɗan koyo. Salon da aka fi yi a San Diyego shi ne ka maƙala sadin mai rai a ƙugiya ba tare da dalma ba, ka sake shi ya yi iyo da kansa yana jan zare. Ke nan sadin ɗin shi ke yi maka farautar. Gwani zai tsaya a bakin tanki ya zuba ido, ya zaɓi wanda ya fi wuyar kamawa, mai koren baya, wanda hancinsa bai yi ja ba, ɓawonsa bai zube ba. Ya jiƙa hannu, ya ɗauke shi ba tare da matsewa ba, ya soka ƙugiya, ya kai shi ruwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. In sadin ya ruga da gudu, madalla. In ya tsaya yana lilo a gindin jirgi, nan take a cire shi a sa wani. A ranar da cin ya yi sanyi, mutane sukan gaji su bar sadin ɗaya a ruwa ya yi minti ashirin har ya galabaita. Ga su dai riƙe da sanda, amma sun daina su tun ɗazu ba su sani ba.

Sai zare. In kifi na nan yana ƙin ci, akan rage kauri. Wanda ya fara da zare mai ɗaukar fam 40 sai ya koma mai 30 ko 25, ya ƙanƙanta ƙugiya yadda sadin zai yi iyo ba nauyi. A ƙarshen zaren ana ɗaura wani guntu na musamman da ake kira fulorokabon, wanda ba ya fitowa sosai a cikin ruwa. Amma a nan akwai ciniki, kuma kowa sai ya yanke wa kansa hukunci. Siririn zare ya fi samun ci, mai kauri ya fi fito da kifi. In garken da ke ƙasa 'yan kilo goma sha biyar ne, rage abinka. In kuwa masu kilo saba'in ne, siririn zare zai sa ka yi sa'o'i kana kokawa, ka hana jirgi tafiya, a ƙarshe kifin ya tsinke ya tafi da ƙugiya a baki. Shi ya sa kafin ka canza, tambayi yaron jirgi girman abin da ake gani. Ya fi ka sani, kullum yana ruwan.

Wurin tsayuwa ma yana da ka'ida. In jirgi ya kashe inji yana bin iska, ka tsaya ta gefen da iska ke bugun fuskarka, don jirgin na matsawa baya yana barin zarenka a fili. In ka tsaya ta ɗaya gefen, zarenka ƙarƙashin jirgi zai shige. Sannan ka bi zarenka duk inda sadin ya nufa, kana ratsa na mutane, wani ka bi ta sama wani ta ƙasa, yadda kullum zai kasance a gabanka sak. Mutum ashirin a jere, in biyu suka ƙi motsawa, sai zaruruwa su harɗe. Ba abin da ya kai ciwo kamar a yi yini ana jira, kifi ɗaya ya ci, sannan ya kuɓuce saboda harɗewa.

In kuma kifin ya yi ƙasa, sai a bi shi can. Akan ɗaura dalma da roba a jikin zare don ta kai sadin zurfin da ake so. Da dare kuwa, wanda a shekarun nan ya zama babban lokacin manyan bulufin, ana amfani da wani dogon ƙarfe mai siffar kifi, nauyinsa gram 200 zuwa 500. Kyaftin zai yi magana ta lasifika ya ce ga su a zurfi kaza, kowa ya saki ƙarfensa ya nutse, ya naɗo, ya sake saki. Akwai zare mai canza launi bayan kowane tsayi sananne, don ka san inda ka kai. Aiki ne mai gajiyar da kafaɗa, ga sanyi, ga barci. Da rana kuma, don manyan da ke tsoron jirgi, akan tashi abin nan da yara ke sakar wa zare iska ta ɗaga shi sama, wani lokaci a haɗa masa balan-balan, ya ɗauki ƙoto ya kai shi nesa yana tsalle a kan ruwa, zaren kuma yana sama inda kifi ba zai gan shi ba. Duk dabarun nan amsa ce ga tambaya ɗaya: me ya sa bai ci ba, kuma me zan canza? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sai dai a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya sauya zare da ƙugiya da zurfi da wurin tsayuwa gaba ɗaya, ko ya kama bai san abin da ya yi aiki ba.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe daga shirin nan. Cin tuna ba ya zuwa a shimfiɗe cikin yini. Buɗewa yake kamar ƙofa, ya rufe. Sau da yawa da asuba ne, lokacin da gari ya yi toka-toka kafin rana ta fito, ko dab da faɗuwarta, amma yana iya zuwa da azahar ba sallama. Na ga ranar da muka yi tun safe har bayan la'asar ba ko taɓawa. Wasu sun shiga ɗakin cin abinci suna karta, wasu sun kwanta. Mutum biyar ko shida ne kawai suka rage a bakin jirgi suna ta canza sadin. Sai kawai sanduna uku suka lanƙwashe kusan a tare. Kafin na ciki su sa takalmi, su nemo sandunansu, su yi layi a bakin tanki, garken ya nutse. Abin bai kai minti ashirin ba, kuma kifin da aka kama a tafiyar gaba ɗaya ke nan. Waɗanda suka kama ba su fi kowa tsadar kaya ba. Ƙotonsu ne ke cikin ruwa, da ransa, a lokacin da ƙofar ta buɗe.

Shi ya sa nake cewa haƙurin masunci aiki ne. Muna yawan cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse, amma mukan manta cewa mai dafa dutsen nan yana tsugune ne yana iza wuta. A jirgin tuna, iza wutar shi ne sake ɗaura ƙullin da ka ga ya goge, shafa zare da yatsa ka ji ko ya yi kaushi, gwada birkin injin naɗe zare, ajiye sanda ta biyu a shirye da ɗauri na daban. Sa'o'in da ba a ci su ne lokacin tambaya. Yaran jirgi suna da sarari, za su koya maka ƙulli, su nuna maka yadda ake jefa sadin ba tare da an wahalar da shi ba. In ci ya buɗe ba mai lokacinka.

Jiki ma sai an lallaɓa shi, don ba ka iya jira in ka rushe. Amai na teku ba ya jin kunyar kowa, ƙato ma yana kwantar da shi. Masu shan maganinsa tun kafin jirgi ya tashi suke sha, in ya riga ya kama ka maganin ba ya yin wani tasiri sosai. In ka ji jiri, fito waje ka sha iska, ka tsaya ta tsakiyar jirgi inda girgiza ta fi sauƙi, ka kalli can inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya. Sha ruwa da yawa, rufe kai da wuya, don rana a teku ta sama take dukanka ta ƙasa ma tana dawowa. Barci kuma a yi shi da lissafi. Lokacin da jirgi ke doguwar tafiya daga wani wuri zuwa wani, je ka kwanta. Da ka ji ƙarar inji ta sauka, tashi, don kyaftin ya ga wani abu ne. Bambancin mai hutawa da wanda ya sare ke nan: ɗaya ya san lokacin da zai miƙe.

Sai zuciya, wadda ta fi duka wuya. In rana ta yi nisa ba kamu, jirgi yakan canza yanayi. Hira ta mutu. Wani ya fara gunaguni cewa kyaftin bai san aikinsa ba, wai wancan jirgin da aka ji a rediyo ya fi. Wani ya fara neman wanda ya jawo musu tsiya. Kun san masuntan can suna da camfin cewa ayaba a jirgi tana kore sa'a? Da gaske nake, akwai jiragen da in an ga ayaba a jakarka za a yi maka tsiya, wasu har su jefa ta ruwa. Har kalma suke da ita ga wanda ya dawo bai kama komai ba, sun aro ta daga sunan wata dabba mai tusar wari. Abin dariya ne, amma yana nuna yadda ɗan'adam ba ya son a ce masa ba laifin kowa ba ne. Ni a ganina, ranar da ba a kama ba ita ce ranar da ma'aikatan jirgi suka fi wahala, don sun fi tuƙi, sun fi hange, sun fi rashin barci. Kaso mai tsoka na abin da suke samu daga ihsanin fasinja yake fitowa, kuma wanda ya hana su saboda kifi bai ci ba, ya hukunta su ne a kan abin da ba ya hannunsu.

Amma kada a ɗauka ina cewa a yi ta jira har abada. Haƙuri yana da iyaka, kuma a teku iyakar nan rai ce. Wannan ya fi shafar masu fita da ƙananan jiragensu. Mutum ya sayi mai da ƙanƙara da ƙoto, ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya yi tafiyar mil hamsin ko sittin, bai kama komai ba. Sai zuciya ta fara raɗa masa cewa bayan duk wannan kashe kuɗin ai ba a komawa haka, ƙara mil goma, ƙara sa'a ɗaya. Alhali iska na tasowa, mai na raguwa. Kuɗin da aka kashe ya riga ya tafi, ko ka tsaya ko ka juya. Tsoffin matuƙa suna da ka'ida kan mai: kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye don abin da ba a zata ba. Kuma akan yanke lokacin juyawa tun a tudu, lokacin da kai ke sanyi, a gaya wa wani a gida inda aka nufa da sa'ar da za a dawo. Kifin yana nan gobe. Haka ma aljihu: wanda ke cin bashi don ya koma ya rama ranar da ya rasa, ya bar wasa ya shiga wani abu mai kama da caca.

To wanda ya dawo ba kifi, me ya samu? Masu yin abin da gaske suna da ɗan littafi. Suna rubuta kwanan wata, zafin ruwa, launinsa, yanayin wata da iska, zurfin da aka ga kifi, kaurin zaren waɗanda suka kama da na waɗanda suka rasa. Bayan tafiya goma ko ashirin, littafin ya fara magana. Ranar rashin kamu ma shafi ce a ciki, kuma sau da yawa ta fi koyarwa, domin a ranar da kifi ke hauka kowa gwani ne, ko ƙugiya tsirara ka jefa sai a ci. Duk wanda ya taɓa zama da fatsa a bakin dam ko gulbi a gida ya san wannan zaman, girman ruwan da girman kuɗin ne kawai suka bambanta.

Saboda haka in kun sake ganin bidiyon nan na daƙiƙa 40, ku ji daɗinsa, amma ku tambayi kanku sadin nawa mutumin ya canza kafin wannan ɗayan, da kuma mutum nawa ke tsaye a bayan kyamara ba su kama komai ba. Ina so in ji daga gare ku, musamman masu su a cikinmu, na Yawuri da Argungu da bakin Tafkin Chadi da 'yan'uwanmu na gaɓar teku: in kifi ya ƙi ci a wurinku, me kuke fara canzawa, ƙoto ko wuri ko lokaci? Ku rubuto mana, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Ku tura wa abokin da kuka san ba shi da haƙuri. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.